Tukunyar Faransa da Kwallar Kaka: Makomar Tsofaffin Kayan Ado a Ƙasar Gumel

Duk wanda aka ambata masa Maigatari, shanu da raƙuma ne ke fara faɗo masa a rai. Ranar Alhamis garin kan cika ya batse da fatake daga Nijar da Kudancin Nijeriya, tireloli na lodin dabbobi, 'yan canji na riƙe da naira a hannun dama, sefa a hagu. Amma in mutum ya bar kara ya kutsa cikin rumfuna, zai tarar da wani ciniki da ba a cika ba da labarinsa ba. Iyaye mata masu shirin aurar da 'ya'ya suna ɗaga farantin tangaran, su ƙwanƙwasa shi da farce su kara a kunne don jin ko ya tsage. Suna taya kuloli da kofuna, da dogayen tukwanen fulawar roba masu ruwan zinare da aka ƙera a Sin. Mai kaya na cewa "albarka", suna ƙara ɗari biyar, har a kai ga "Allah ya ba da sa'a".

A garuruwan wannan yanki kuma, daga Gumel zuwa Gagarawa da ƙauyukan Sule Tankarkar, akwai wani mai ciniki da ke bin lungu da kura da sikeli. Shi ne mai sayen gwangwan. Cikin tarkacen da yake aunawa ba a rasa tsohuwar kwalla ko fanteka mai zanen furanni, irin waɗanda aka kai kakanninmu ɗakin miji da su. Kilo yake saya, bai damu da zane ba.

A Faransa kuwa, tsohuwar tukunyar ado da ta shekara ɗari ko ɗari da hamsin ɗai-ɗai ake sayar da ita, kuma mai saye sai ya ji garin da aka gina ta da zamanin da aka zana ta kafin ya zaro kuɗi. Kayan biyu dangin juna ne ta fuskar sana'a, kuma buƙata ɗaya suka biya wa masu su, wato ƙawata ɗaki da nuna matsayi. Tambayar ita ce me ya sa na can ke ƙara daraja da tsufa, na nan ke komawa bola.

Tukunyar da ba a girki a cikinta

Faransawa na da wata tukunya da ba ta hawa murhu, ba a kuma zuba mata ruwan sha. Aikinta a tsaya a kalle ta. Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai mai faɗi ko tsawo da ake ɗorawa a kan teburi ko doguwar ƙafa, suna kiranta jardinière. Akwai kuma cache-pot, wadda ba ta da huji a gindi, domin ba a zuba ƙasa a cikinta kai tsaye. Ana dasa shukar a tukunyar yumɓu mara ado, sannan a zura ta cikin mai adon.

Dabarar da ta ba waɗannan tukwane farin jikinsu mai sheƙi ba a Turai ta samo asali ba. A ƙarni na 9, zamanin daular Abbasiyya, magina a Basra ta ƙasar Iraƙi suka so kwaikwayon farin tangaran da ake kawowa daga Sin. Da yake ba su da irin farin yumɓun Sinawa, sai suka zuba tokar kuza a cikin ruwan gilashin da ake shafa wa tukunya, ya fito fari fat, ya rufe launin yumɓun da ke ƙasa. Daga nan sana'ar ta bi ta Masar da Andalus, ta tsallaka Italiya, ta iso Faransa a ƙarni na 16. Garuruwan Nevers da Rouen da Moustiers suka yi suna da ita.

Yaƙi ne ya ɗaga kasuwarta. A 1689, da kuma 1709, Sarki Louis na 14 ya sa aka narkar da kwanonin azurfa don a biya kuɗin yaƙe-yaƙensa. Manyan fada da suka wayi gari ba abin cin abinci na alfarma sai suka koma wa magina. A 1768 aka gano farin yumɓu kusa da Limoges, Faransa ta samu damar yin tangaran na ainihi da yawa. Manyan masana'antu suka biyo baya: Sarreguemines a 1790, Longwy a 1798, sai Gien a 1821, wadda wani Baturen Ingila, Thomas Hall, ya kafa. A ƙarni na 19, lokacin da ajiye tsirran ƙasashe masu zafi a falo ya zama yayi a gidajen masu hali, tukunyar fulawa ta zama abin da kowace masana'anta ke gasar fitarwa.

Aikin zanen shi ne inda gwaninta take. Bayan gashin farko akan tsoma tukunyar cikin farin ruwan nan, ya bushe ya zama gari-gari a jikinta. A kan wannan garin mai zane ke jan burushi, kuma yana tsotse launi nan take. Kamar ƙunshi ne, in lalle ya kama ya kama, ba gogewa. Sai a mayar da ita matoya a zafin da ya kusa digiri 1,000. Launuka kaɗan ne ke jure wannan wuta: shuɗi daga kobal, kore daga jan ƙarfe, ruwan hanta daga manganis, sai rawaya da ja-ja. Wannan ne ya sa tsofaffin tukwanen ke yawan zuwa da shuɗi a kan fari.

Hanyar da kaya suka biyo

Ƙasar Gumel ba baƙuwar kayan nesa ba ce. Mangawa ne suka kafa masarautar wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta kuma zauna ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Hare-haren Damagaram na cikin abin da ya sa aka taso da gadon sarauta daga Tumbi zuwa Gumel kafin tsakiyar ƙarni na 19. Lokacin da Bajamushe matafiyi Heinrich Barth ya sauka a garin a 1851, ya tarar da kasuwa mai cika, wadda ta zama babbar matattarar cinikin kanwa tsakanin ƙasashen Barno da Nufe. Garin da ayari ke yada zango kuwa ba ya rasa ganin abin da ake yayi a wasu wurare.

Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka shigo Gumel a 1903. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka, Tumbi ta faɗa ɓangaren Faransa, Maigatari ta zama bakin iyaka. Damagaram ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Iyakar ba ta raba zumunci ba. Har gobe ana aure tsakanin Maigatari da ƙauyukan Dungas da Magarya, kuma duk amaryar da ta tsallaka, da kayan ɗakinta take tsallakawa.

Abin da ya sauya ɗakunan mata ƙwarai shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya tashi daga 1912, sannan a 1930 aka kammala layin Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Gagarawa. Kamfanonin Turawa, ciki har da UAC da John Holt da CFAO na Faransa da aka kafa a Marseille a 1887, suka buɗe kantuna suna sayen amfanin gona suna sayar da atamfa da gishiri da kwanuka. Manomi ya sayar da gyaɗa da kaka, kuɗin ya shiga gida, wani kaso ya ƙare a kanti. Da farko daga Turai ake kawo kwalla, musamman Cekoslobakiya, daga baya Japan da Hong Kong suka karɓe kasuwar. Wajen samun 'yancin kai aka fara ƙera ta a cikin gida. Kamfanin Nigerian Enamelware na Legas an kafa shi a 1960, 'yan kasuwar Hong Kong kuma suka dasa masana'antu har a Kano.

Gyaɗa ta durƙushe bayan farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa mata a 1975. Yau riɗi da zoɓo ne ke kawo kuɗin kaka a Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa, amma tsarin na nan. In an kwashe amfanin gona sai bukukuwa su kankama, 'yan kwanuka su yi ciniki.

Ranar jere

Kayan ɗaki ba rana ɗaya ake tara su ba. Uwa takan fara tun 'yarta na ƙarama. In ta kwashi adashi ta sayi saiti ɗaya ta tura ƙarƙashin gado, in ta sayar da akuya ta ƙara wani. Ribar ƙuli-ƙuli da kuɗin tallar yarinya da gudummawar 'yan'uwa da ƙawaye duk a nan suke taruwa. Dillaliya na shiga gida-gida da sabon yayi a ɗaure cikin zane, wadda ba ta fita kasuwa ta zaɓa daga tsakar gidanta.

Kafin a kai amarya, gwaggonni da yayye da ƙawayen uwa sukan je gidan ango su yi jere. A zamanin kwalla aikin yini guda ne. A share ɗaki, a kafa gadon ƙarfe mai rumfa, a jingina kabad da bango. Sai a fara ɗora kwanuka, babba a ƙasa, mai bi masa a kai, har tsibi ya kusa taɓa rufi, kowane da murfinsa, kowane an juyo da furensa ya kalli ƙofa. Launi ba ya cakuɗa, masu ja wuri ɗaya, masu shuɗi wuri ɗaya. A manna farantai da faya-fayai a bango layi-layi. Wata dattijuwa takan koma bakin ƙofa ta tsaya inda baƙo zai tsaya, ta ce a ɗan matsar da wancan, wannan ya karkace. In an gama sai guɗa ta tashi, maƙwabta su fara shigowa ganin ɗaki, ana "Allah ya sa alheri, Allah ya ba da zaman lafiya". Ba wadda za ta ƙirga a fili, amma kowa ta fita ta san saiti nawa ta gani.

Mafi yawan waɗannan kwanuka ba su taɓa ganin tuwo ba. Na amfanin yau da kullum daban suke, suna madafi. Na jere sai dai a sauke su lokaci-lokaci, musamman gab da salla ko bayan hunturu ya lafa, a wanke, a goge, a mayar. Kuma mallakar matar ne, ba na miji ba. In aure ya mutu da su take fita. In rashin lafiya ko yunwa ta matsa, takan zare saiti ɗaya ta ba dillaliya. In ta aurar da 'ya, wani kason ya bi yarinyar. Wata mai bincike Bajamushiya, Editha Platte, ta wallafa nazari a 2004 kan ɗakunan matan Kanuri a Barno, inda ta nuna yadda jeren kwanuka ke bayyana matsayin mace da dukiyarta. Wanda ya san ɗakunan ƙasar Gumel ba zai ga baƙon abu a bayanin nata ba.

Kayan da ake jerawa sun yi ta sauyawa. Da can ƙore ne masu zane da ƙoƙuna da akussa da faya-fayai, masu hali su haɗa da tasoshin tagulla irin na Bida. Kwalla da langa da fanteka suka ture su. Samira ta zo ta yi zamaninta. Sai tangaran da kofunan gilashi a cikin kabad mai madubi, sannan kuloli. Amaryar yau kujeru take so da labule da kayan kicin, sai tukunyar fulawa a kusurwar falo ko gefen talabijin. Kowane sabon yayi in ya zo, na baya sai ya zama "kayan ƙauye".

Ita kwalla ƙarfe ce da aka shafa wa garin gilashi aka gasa, wato dabara ɗaya da ta tukunyar Faransa, sai dai a can yumɓu ne a ciki, a nan ƙarfe. Furannin jikinta galibi fesa su ake yi ta cikin takardar ƙarfe mai huji, shi ya sa ta yi araha har talaka ya iya cika bango da ita.

Maza ma ba a bar su a baya ba. A tsofaffin soraye na sarakuna da attajirai a Kano da Zariya, in ka ɗaga kai ka dubi inda bakunan ɗaurin guga suka haɗu, sau da yawa za ka ga faranti a manne, na tagulla ko na kwalla ko na tangaran. Wasu magina kan jera su a goshin ƙofar zaure. Irin wannan ɗabi'a na nan a gaɓar Afirka ta Gabas, inda Suwahilawan Lamu ke jera tangaran ɗin Sin a ƙananan tagogin bango, har su manna shi a jikin kaburburan manyansu. Ajiye kwano don ido kawai tsohon abu ne a wurinmu, ba wanda ya koya mana.

Abin da ke sa tsohon kaya tsada

In ka kifa tukunyar Gien ko ta Sarreguemines, za ka ga tambarin masana'anta a gindinta. Tambarin ya sha sauyawa, kuma an rubuta littattafai da ke nuna wanne aka yi amfani da shi a wane zamani. Masana'antun sun adana littattafan zanensu. An buɗe gidan tarihin tangaran a Sèvres tun 1824, akwai kuma irinsa a Nevers da Gien da Sarreguemines. A Paris akwai gidan gwanjo na Drouot da ke aiki tun 1852, inda masana ke duba kaya su rubuta bayaninsa kafin a buga guduma. A wannan kasuwa, abin da ya cika shekara 100 ne ake lissafawa cikin kayan tarihi. Saboda haka mai saye ba yumɓu da fenti kaɗai yake biya ba. Yana biyan sanin da aka tara a kan abin, da tabbacin cewa gobe wani zai gane shi.

Wannan sanin ne ba mu tara ba. Tsofaffin mata sun san sunan da ake kiran kowane zane a zamaninsu, sun san wanda ya riga wani fitowa, sun san wanda sai 'yar wane ake kai wa. Duk a ka yake. In tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, jikoki kan ga tarkace ne mai cin wuri. Wanda ya huje a ba kaji ruwa a ciki, mai kyau a musanya shi da bokitin roba, saura mai gwangwan ya auna. Ƙore da akussa kuwa gara da wuta ne ke gamawa da su. A kasuwar Kurmi ta Kano akwai rumfunan da ke sayar da tsofaffin tasoshi da akussa ga baƙi, amma kaya kan iso can ba sunan gari, ba sunan mai shi, ba shekara.

Ga wanda sha'awa ta kai shi ga tsohon tangaran na Turai, irin wanda ke shigowa cikin kayan gwanjo ta Kwatano da Legas, akwai abubuwan lura. Zanen hannu ba ya maimaita kansa, in ka dubi furanni biyu za ka ga sun ɗan saɓa, ka ga inda burushi ya fara da kauri ya ƙare da siriri. Na bugawa kuwa kowane fure tamkar ɗan'uwansa yake, wani lokaci har da ɗigo-ɗigo ko layin da takarda ta haɗu. Gindin tsohuwar tukunya kan goge daidai inda take zama. Ƙananan tsage-tsage a cikin sheƙin ba hujja ba ce, domin masu jabu na jiƙa sabuwa a ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa, tambari ma ana kwaikwayonsa. Sannan tsohon ruwan gilashi na ɗauke da dalma, don haka kada a ci abinci ko a sha wani abu a ciki, balle mai tsami. Wasu tukwanen, musamman na garin Quimper, suna ɗauke da hoton mutane, abin da gidaje da yawa a nan ba sa so a ɗaki. Masu furanni da ganye sun fi dacewa da mu.

Shuka a ƙasar rairayi

Tukunyar Faransa an yi ta ne don ɗaki mai sanyi da hasken rana kaɗan. Nan kuwa damina wata uku zuwa huɗu ce, zafin bazara na haura digiri 40, hunturu na shigo da ƙura ta kowace kafa, ruwa kuma a wurare da yawa sai an sayo wurin 'yan garuwa. Wannan ne ya sa fulawar roba ta ci kasuwa, ba ta shan ruwa, akuya ba ta cinta.

Duk da haka matan karkara sun daɗe suna shuka a cikin mazubi, ba tare da sun kira abin ado ba. A gefen randa ko inda ake alwala za ka ga fasasshen tulu ko hujajjen kwano an cika shi da ƙasa da taki, an dasa ɗaɗɗoya ko na'ana'a ko albasa. Ruwan alwala da na wankin hatsi ne ke raya su. An ɗora mazubin a kan katanga ko an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wata a nan take renon zogale ko lalle kafin ta mayar da shi ƙasa da damina. A yankin da hamada ke matsowa, inda gwamnatoci suka yi shekara da shekaru suna dasa shingayen bishiyoyi, wannan ƙaramar ɗabi'a ba abin rainawa ba ce.

Kuma a wannan yanayi tukunyar maginin gida ta fi mai sheƙi amfani ga shuka. Yumɓun da aka gasa a fili da kara da kashin shanu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan randa ke tsatsafo da ruwa ta sanyaya shi, ta nan kuma saiwa ke samun iska da sanyi. Mai sheƙi ba ta numfashi, in kuma ba ta da huji sai ruwa ya kwanta a gindi, saiwa ta ruɓe, sauro ya samu wurin ƙwai. Wanda ya mallaki irinta ya bi tsarin masu ita: shuka a tukunyar ƙasa, ita kuma ta zama riga, a riƙa zubar da ruwan da ya taru, a kuma kawar da ita daga rana da hanyar yara.

Magina tukwane na cikin waɗanda roba da alminiyam suka fi ƙwace wa kasuwa. Tulu ya bar wa jarka, tukunyar miya ta bar wa ta ƙarfe, abin da ya rage sai randa da kaskon turare da asusu da tandar waina. Amma gwaninta ba ta ƙare ba. Mirya, kusa da Damagaram, har yau ana saninta da tukwane masu ado, haka Dawakin Tofa a Jihar Kano. Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano da Dutse da Abuja kuwa kullum cikin neman mazubi suke, mafi yawa na siminti da roba suke samu. Maginin da ya iya randa ba abin da zai gagare shi a tukunyar fulawa, illa ya huda gindi, ya yi mata ɗan kasko na tarar ruwa, ya zuba mata zanen da ya gada, ya kuma danna alamarsa a ƙasa tun yumɓu na ɗanye.

Tarihi ya nuna abin da ido mai ganin daraja ke iya yi. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kasance yana ajiye tulunan wata magina Bagwariya, Ladi Kwali, a gidansa don ado. A can Baturen Ingila Michael Cardew ya fara ganin aikinta, kafin ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, wanda yanzu ake kira Suleja. Ta shiga makarantar a 1954, aka nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, kuma tukwanenta na cikin manyan gidajen tarihi na duniya. Farkon abin duka shi ne wani basarake ya ɗauki tulun ɗiban ruwa ya ce wannan ya cancanci a ajiye.

Kafin a rasa masu ba da labari

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba izini, kuma a ma'aunin da ta gindaya, kayan hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 na ciki. Tsohon akushi da tasar tagulla na iya samun wannan kariya. Kwallar auren 1950 ko 1970 ba wata doka da za ta hana ta shiga sikeli, sai dai masu ita su ga dama. A 2030 layin dogon da ya ratsa Gagarawa zai cika shekara 100, ke nan kwanukan farko da kuɗin gyaɗa ya sayo sun kusa kai shekarun da Faransawa ke fara ƙirga tsohon kaya da su.

Aikin bai fi ƙarfin kowa ba. Gidan da ke da ragowar jere ya ware saiti ɗaya mai kyau ya ce wannan ba na sayarwa ba ne. A zaunar da mai shi a tambaye ta: Hajiya, wace shekara aka kai ki ɗaki, wa ya saya, a wace kasuwa, me kuke kiran wannan zane? A rubuta a takarda a jefa cikin kwanon a rufe, a ɗauki hoto da waya har da tambarin da ke gindi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi a ɗakin kakanninsu. Masarauta, wadda Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu ya shafe sama da shekara 40 yana jagoranta, na da hakimai da dagatai a dukkan ƙananan hukumominta huɗu. Kira ɗaya daga fada ya isa a tara abin da zai cika ɗaki guda da jeren kowane zamani, daga ƙwarya zuwa samira, kamar yadda Gidan Makama ke adana tarihin Kano.

Ba wanda zai hana amarya son sabon yayi, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Da tsohuwar zuma dai ake magani, kuma ba a samunta sai a gidan da aka ajiye. Matan da aka yi wa jeren kwalla a shekarun 1950 da 1960 yanzu sun haura saba'in, wasu tamanin. Su kaɗai suka san sunayen kayan nan da labarinsu, don haka duk mai niyyar tambaya ya yi ta a bana.